Tsakanin Waƙa da Waƙa

Biki ya watse, amma Mai Sauti bai tafi ba. Akori-kurar da ta ɗauko shi daga garinsu mai nisa, shi da lasifikokinsa da janareta da tulin wayoyi, injinta ya buga a daidai ƙofar gidan, direba kuma ya ce sai ya je wani gari ya nemo abin da ya lalace. Masu gida suka ce ba komai. Suka ba shi ɗakin da ke kusa da get, mai taga ɗaya da ke kallon tsakar gida, suka ce ya bar kayansa a haɗe a ƙarƙashin rumfa, tunda dangin amarya ba su gama tafiya ba, wataƙila a so ɗan kiɗa.

Dattijo ne wanda furfura ta gama cinye masa gemu. Tun yana saurayi yake wannan sana'a, kuma abin da ya sa ake sake kiransa gida bayan gida shi ne ba ya ganin abin da ba a nuna masa ba. Idonsa na kan na'urarsa. In an ce ƙara, ya ƙara. In an ce rage, ya rage. Abu ɗaya yake alfahari da shi: a hannunsa waƙa ba ta ƙarewa a ji shiru kafin wata ta fara. Kafin wannan ta mutu ya riga ya saƙa bakin waccan a cikinta, har masu rawa su rasa damar komawa kujera.

A duk hidimar bikin, mutum ɗaya ce ta tuna cewa mai kiɗa ma yana da ciki. Matar babban wan ango ce, wadda kowa a gidan ke kira Matar Yaya, siririya mai saurin tafiya, wadda ba a taɓa ganinta hannu sake ba. Washegarin biki ma ita ta kawo masa shayi da biredi a tire, ta ajiye a bakin ƙofa.

"Baba, an tashi lafiya? Ya gajiyar kurmantar da mu?"

"Gajiya ta bi lafiya, 'yar nan. Ku dai kuka ce a ƙara."

"To, zan faɗa maka wani abu, kada ka ji haushi. Lasifikar nan ta hagu tana da 'yar shessheƙa a ƙasa-ƙasa, kamar ƙuda ya shiga kwalba. Tun daga kicin nake jin ta."

Ya ajiye kofi ya dube ta. Ya san da wannan shessheƙar, ya daɗe yana ɓoye ta a bayan ganga, kuma a cikin ɗaruruwan mutanen da suka yi rawa a gabanta babu wanda ya taɓa lura.

"Lalle kina da kunne," ya ce. "Da namiji ce ke, da na ɗauke ki aiki."

"Da na bi ka kuwa," ta ce tana dariya, "ko don in huta da wanke-wanke."

Da rana ta karkata, sai hayaniya ta taso daga gareji. A can aka ɓoye kwalaben giya a bayan mota duk tsawon bikin, don kada manyan baƙi su gani, yanzu kuwa manyan baƙi sun tafi. Mijin Matar Yaya ne da abokansa. Ciyaman ake ce masa, domin shi ne ya gina gidan, shi ke ciyar da kowa a cikinsa, shi kuma ya ɗauki nauyin auren ƙanensa. Ya fito yana tangaɗi, hularsa a karkace, gaban rigarsa a jiƙe, abokai na biye da shi kamar 'yan rakiya.

"Tsoho! Kunna mini makirfo!"

Mai Sauti ya kunna.

"Jama'a, wa ya kafa rumfar nan?"

"Ciyaman!" abokai suka amsa.

"Wa ya kawo wannan tsohon daga ƙarshen duniya?"

"Ciyaman!"

Ya hau kujerar roba ta haya don a fi ganinsa, ƙafarta ta karye, ya zube ƙasa da makirfo a hannu, lasifikoki suka yi ƙara mai tsaga kai. Abokai suka fashe da dariya, shi ma yana dariya yana zagin kujerar da wanda ya ƙera ta. Ya miƙe, ya cafko ango ta wuya, ya sumbaci ƙeyarsa. "Ni na yi maka aure, yaro. In ba ta yi maka ba, ka faɗa mini, in canza maka kamar tayar mota." Sannan ya saki ango ya nufi ɗakin amarya, yana cewa sai ya ga abin da ya saya.

A nan dariya ta tsaya. Hajiya, mahaifiyarsu, ta fito daga ɗakinta da sauri irin na wadda ta saba, ta sha gabansa. Ba ta ce ya bugu ba. A gidan nan ba a furta wannan kalmar.

"Zazzaɓin Yaya ya tashi," ta ce da ƙarfi, don gwaggwannin amarya da ke leƙe su ji. "Rana ce ta buge shi. Ina matarsa? A kira matarsa."

Matar Yaya ta fito daga kicin tana goge hannu a zaninta. Ba ta tambayi komai ba. Ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa ta ja shi zuwa ɗakinsu, yana fizgewa yana tambayarta wa ya aike ta. Da suka shiga, Hajiya ta ja ƙofar, ta tura sakata daga waje. Daga nan ta tako har gaban tebur ɗin Mai Sauti, fuskarta a sake.

"Malam, a ɗan sa mana kiɗa mana, gida ya yi shiru kamar ba a yi biki ba. A ƙara sosai."

Ya sa. Ya ƙara. Bai kawo komai a ransa ba, ko kuma daga baya haka ya riƙa gaya wa kansa. Sai dai da yake babu masu rawa, bai damu ya saƙa waƙa ta biyu a cikin ta farko ba. Ta farko ta ƙare, aka sami ɗan giɓi, wanda bai wuce a ja numfashi a sauke ba. A cikin giɓin nan ya ji ƙarar wani abu ya daki bango, ya ji muryar mace tana cewa, "Don Allah, akwai baƙi," sannan ya ji mari.

Waƙa ta biyu ta shigo ta rufe komai.

Ya ɗaga ido. Hajiya na tsaye a inda take, tana kallonsa. Ba harara ba ce, ba roƙo ba ne. Kallo ne irin wanda ake yi wa ma'aikacin da ya bar aibu a aikinsa. Hannunsa kuwa ya fahimta kafin zuciyarsa. Da waƙa ta biyu ta zo ƙarewa, yatsunsa suka saƙa ta uku a cikinta, sumul, babu ko ƙofar allura. Haka ya yi ta yi har Hajiya ta je ta kara kunne a ƙofar, ta zare sakata, ta ɗago masa hannu alamar ya isa.

Da safe aka kawo shayi. Ta ɗaura ɗankwali ƙasa-ƙasa, ta gefen hagu ya sauko har kumatu, amma bai rufe kumburin ba.

"'Yar nan, me ya sami fuskarki?"

"Ƙofar kicin ce, Baba. Kullum ina cewa a gyara ta." Ta yi murmushi da rabin baki. "Kiɗan jiya ya yi daɗi."

Ta tafi ta bar shi da kofin da ya kasa sha. Bai san ko godiya ta yi masa ba, ko kuwa wani abu ne daban, kuma bai yi ƙarfin halin bin ta ya tambaya ba.

Ya sami ango yana tattara kujerun haya, ya ɗan ja shi gefe. Saurayi ne mai ladabi, wanda ba ya haɗa ido da manya.

"Jiya kamar na ji wata 'yar hayaniya a ɗakin yayanka."

"Ai Baba, Yaya mutumin kirki ne. Shi ya yi mini karatu, shi ya yi mini komai. In abin ya motsa ne kawai. Kuma ita ta san kansa, ita kaɗai ke iya masa." Ya ɗora kujera a kan kujera. "In na sa baki, da wane bakin? Rigar da ke jikina ma tasa ce."

Maigida, mahaifinsu, tsoho ne da ciwon ƙafa ya zaunar. Yana kishingiɗe a ƙofar ɗakinsa da ƙaramin rediyo a kan ciki. Mai Sauti ya gaishe shi, suka taɓa hirar hanya da tsadar mai, sannan ya kewaya ya kawo zancen. Tsohon ya daɗe yana murza eriyar rediyonsa.

"Ni yanzu ɗan kallo ne a gidan nan, Malam. Wanda ke ciyar da kai ba ka yi masa tsawa. Addu'a muke yi. Ita kuma tana da ladan haƙuri."

Can sai ga Ciyaman da kansa, ya yi wanka, yana ƙamshin turare, idanunsa jajaye amma muryarsa a sanyaye. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya riƙe hannun Mai Sauti da hannu biyu.

"Baba, an ce jiya na ɗan yi maka wasa da makirfo. A yi haƙuri, murna ce ta yi yawa." Ya cire sabuwar hular da ke kansa ya ɗora masa. "Ta fi dacewa da kai. Ka zauna har motarka ta gyaru, nan gidanka ne."

Hular ta yi masa daidai. Ya yi godiya, har da addu'ar Allah ya ƙara buɗi, kuma ya ji muryarsa tana fitowa lafiya lau, ba ta ko rawa.

Ragowar kwalaben ba su ƙare ba, don haka abokai suka dawo da rana. Wannan karon ba a yi wasan makirfo ba. Ciyaman ya fito daga gareji shiru, fuska a murtuke, ya yi fitsari a jikin tayar akori-kura a gaban mata, ya shuri tulin faranti da aka wanke, ya ce an raina shi a gidan da ya gina. Abokai suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta ce a kira matarsa.

Ta zo, amma a bakin ƙofar ɗakin ta tsaya ta riƙe ƙyaure. Teburin Mai Sauti na kusa, ya ji komai.

"Hajiya, don Allah yau a bar shi ya kwanta shi kaɗai. Kaina sarawa yake yi. In ya yi barci zan shiga."

"Shi kaɗai? Kin manta wancan karon da aka bar shi shi kaɗai? Ya fasa talabijin, ya fasa madubi, ya ɓalle taga ya fita titi ba riga, unguwa duk ta gan shi. Yanzu ga surukai a gida, kina so su koma su ce ɗiyarsu ta shiga gidan mahaukata?"

"To ango ya shiga da shi. Namiji ne."

"Ango da kwanansa nawa da aure? Ki ji tsoron Allah. Ke ce matarsa ko shi?" Hajiya ta sassauta murya, ta shafa mata kafaɗa. "Ke dai kada ki mayar masa da magana. Ni ma na ga irin wannan a zamanina, ga ni ban mutu ba. Shiga, 'yar albarka."

Kafin ta shiga, ta waiwayo. Ba Hajiya ta kalla ba, teburin ta kalla, da hannun da ke kan maɓalli. Sakata ta shiga. Hajiya ba ta ma tako ba wannan karon, daga can ta ɗaga masa haɓa.

Ya gaya wa kansa abubuwa da yawa a lokacin, kuma kowannensu yana da ƙamshin gaskiya. Shi baƙo ne, gobe ko jibi zai tafi. Ko ya kunna ko bai kunna ba, abin da ke faruwa a ɗakin zai faru. Wataƙila ma ita ta fi son kada a ji, mace ba ta son a ji kukanta a gaban surukan gida. Ba shi ya sayo giya ba, ba shi ya tura sakata ba. Yana cikin wannan lissafin yatsunsa suna aikinsu, waƙa na shiga cikin waƙa, gangar tana dukan ƙirjinsa. A tagar ɗakin da ke fuskantarsa ya ga amarya, yarinya mai zagayayyar fuska, ta ɗaga labule tana kallon ƙofar da aka kulle, sannan ta kalle shi. Ya sunkuyar da kai ya gyara wata waya da ba ta buƙatar gyara.

Washegari shayi ya makara. Da ta kawo, tana tafiya tana dafa bango, kuma a gefen ɗankwalinta, daidai kunnen hagu, akwai tabo mai duhu da ya bushe. Ta ajiye tiren a karkace har shayi ya zube.

"Sannu, 'yar nan."

Ba ta amsa ba. Tana tsugune, gefen hagunta na wajensa, tana goge abin da ya zube.

"Na ce sannu."

Sai da ta ɗago ta ga bakinsa na motsi, sannan ta juyo da ɗaya kunnen da sauri. "Na'am, Baba? Yi haƙuri, kaina ne ke ƙugi, kamar ka bar janaretanka a ciki."

Daga tsakar gida Hajiya ke ta ƙwala mata kira, ta kira ta kira, har ta taso da kanta. "Kun gani ko? Sabon salo. Ina kira tana jina ta yi banza da ni. Fushi ake yi da mu."

Mai Sauti ya tattaro abin da ya rage masa na ƙarfin hali. "Hajiya, ba ta ji ba ne. Kunnen nan ya kamata likita ya duba shi yau."

"Likita?" Ta dube shi sama da ƙasa, idonta ya tsaya a kan hular. "Asibiti tambaya gare su kamar 'yan sanda. Me ya same ki, wa ya yi miki. An aika wajen mai kemis ya ba da maganin ɗigawa. Sanyi ne ya shige ta, ta cika wasa da ruwa." Ta juya za ta tafi, ta ƙara da cewa, "Abincin dai yana isarka ko, Malam?"

Ya ce yana isarsa.

Ranar nan bai fito daga ɗaki ba sai da ya ji an fara fasa kwalabe a gareji. Ya yi niyyar ya ce janareta ba mai, ya yi niyyar ya ce na'ura ta lalace, amma da Hajiya ta leƙo ta ce, "Malam, bisimilla," sai ya ga ƙafafunsa sun kai shi tebur. Matar Yaya ba ta roƙi kowa ba wannan karon. Ta bi mijinta kamar mai tafiya cikin barci. Sakata ta shiga, janareta ya tashi, kiɗa ya cika gidan.

Waƙar farko na tsakiya sai ya ji ta: 'yar shessheƙar nan ta lasifikar hagu, ƙuda a cikin kwalba. Ya daɗe da daina jin ta, amma yanzu ita kaɗai yake ji, ta fi ganga, ta fi muryar mawaƙi. A duk gidan nan mutum ɗaya ce ta taɓa jin ta tare da shi. Ya cire hular ya ajiye a kan tebur. Ya tashi ya zagaya bayan rumfa, ya murɗe makunnin janareta.

Injin ya yi tari ya mutu.

Ya zaci ihu zai ji. Da ihu ne, da ya fi sauƙi. Abin da ya fito daga ɗakin sauti ne maras kaifi, kamar ana kakkaɓe katifa, da numfashin namiji mai nauyi, da wata murya a ƙasa, wadda babu kuka a cikinta, tana maimaita, "Ya isa. Ya isa. Ya isa."

Tsakar gida cike take da mutane. Ya bi su da ido yana jiran wanda zai zabura. Babbar gwaggon amarya na ninke zannuwa a kan tabarma. Hannunta ya tsaya kaɗan, sannan ta ci gaba da ninkewa. Ango ya zaro wayarsa ya ƙura mata ido. Wata ƙanwarsu ta ja ɗanta ta shige ɗaki ta rufe. Babu fuskar da ta nuna mamaki, ko ɗaya. A nan ya gane abin da ya kwashe kwanaki yana yi. Ba ɓoye wa kowa komai yake yi ba, domin kowa ya sani, har baƙin. Aikinsa shi ne ya ba su abin da za su ce sun ji a maimakon wannan.

Daga ƙofar Maigida sai aka ji ƙaramin rediyo ya kama, ana karanta labarai, tsohon yana murza shi har ƙarshe.

Sakatar ba ta da nisa da Mai Sauti. Yana ganinta, ƙaramar sakata ce mai fentin kore, wadda yatsa ɗaya zai zare. Amma ƙarfin halinsa ya ƙare a jikin janareta. Ya tsaya a wurin, hannuwansa na lilo, yana jiran wani.

Amarya ce ta fito, ba takalmi. Gwaggonta ta ce, "Ke! Jiya-jiya kika zo gidan nan," ta kamo bakin gyalenta, yarinyar ta bar mata gyalen a hannu. Ta ratsa tsakar gida, ta wuce ta gaban Hajiya, ta zare sakata ta tura ƙofar.

"Anti, fito."

Matar Yaya ba ta ji ba. Sai da amarya ta shiga ta kamo hannunta ta jawo ta. Ciyaman ya biyo su yana zagi, ƙafarsa ta harɗe a dokin ƙofa, ya kife a wurin, ya yi amai, nan take kuma ya fara munshari, kumatunsa a cikin abin da ya amayar. Abin da gida guda ke tsoro ke nan, kwance a ƙasa, ko ɗaga kai ba ya iyawa.

Hajiya ba ta bi ta kan ɗanta ba, ba ta bi ta kan surukarta ba. Wajen Mai Sauti ta nufo.

"Ka ci abincinmu, ka kwana a ɗakinmu, ɗana ya cire hular kansa ya ba ka, sakayyar ke nan? Ka tona mana asiri a gaban surukai? Tsofai-tsofai da kai!"

Abin da ya fi damunsa shi ne wani ɓangare na zuciyarsa ya ji kunya da gaske, har ya kusa ba ta haƙuri.

Da safe direba ya dawo da makaniki, kafin hantsi inji ya tashi. Babu wanda ya kawo shayi, babu wanda ya taya su loda kaya. Yana naɗe wayoyi sai amarya ta zo wucewa da bokiti, ta tsaya kamar mai gyara ɗaurin zani, ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Na kai ta asibiti da sassafe, na ce wa Hajiya kasuwa za mu. Likita ya ce kunnen hagu ya fashe, ya kuma yi ruwa. Ya ce da tun ranar farko aka kawo ta, kafin a sake bugun wurin, da akwai abin yi."

"Ita me ta ce masa?"

"Ta ce faɗuwa ta yi a banɗaki." Yarinyar ta ɗauki bokitinta. "Ni kuma tun jiya mijina bai yi mini magana ba. Wai na kunyata yayansa. Baba, tun ranar farko ka ji, ko?"

Ba ta jira amsa ba.

Ya sami Matar Yaya a bakin famfo, zaune a kan 'yar kujera, tana wanke manyan tukwanen biki da za a mayar wa masu su. An toshe kunnen da auduga. Ya tsaya a gefenta, ya daɗe yana kallon kumfa na bin hannunta. Duk abin da ya shirya faɗa ya watse, sai ɗan kaɗan ya rage.

"'Yar nan," ya ce, muryarsa a dushe, "na ji tun ranar farko. Na ji, kuma na ƙara sauti. Ki yafe mini."

Ta ci gaba da goge tukunya. Ruwa na zuba, soso na kai da komo. Sai a lokacin ya lura da gefen da ya tsaya.

Inuwarsa ce ta sa ta ɗago. Ta yi murmushin nan na rabin baki, ta juyo da kunnen dama.

"Au, Baba, za a tafi? Ka yi magana ne?"

Taku ɗaya ne zai kai shi ɗaya gefen. Ga ta ta miƙo kunnen da ya rage mata, tana jira. A bakin get direba ya danna ham, Hajiya kuma na tsaye a ƙofar ɗakinta ta harɗe hannuwa.

"Cewa na yi na gode da shayi."

"Haba, ba komai. Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida." Ta mayar da hannu cikin ruwa. "Kada ka manta da lasifikar nan ta hagu. Ka gyara ta, ko da yake yanzu ba mai kama ka."

Ya bar hular a kan tagar ɗakin da ya kwana, ya shiga mota. Da suka hau babban titi, direba ya miƙa hannu ya kunna rediyo, kiɗa ya cika gaban motar.

"Kashe," in ji Mai Sauti.

"Kai da kiɗa ne abincinka, Baba?"

"Na ce ka kashe."

Direba ya kashe, yana gunaguni. Suka ci gaba da tafiya, ba a jin komai sai ƙugin inji da lasifikoki na gwaruwa da juna a baya. Ya zauna a cikin shirun da ya yi shekaru yana toshewa, yana saurare. A can gidan, rana za ta karkata kamar kullum, za a ce zazzaɓi ya tashi, za a ce a kira matarsa. Ba za su rasa rediyo ba.